Haikali, Majami'a da Masu Muƙami a Addinin Yahudawan Dauri: Tambayoyi da Amsoshi

Daga bakin masu karatu iri biyu na tattaro waɗannan tambayoyi: ɗaliban tafsiri da ke cin karo da kalmomi irin su ahbar da rabbaniyyun, da masu karanta Littafi Mai Tsarki da ke gamuwa da firist, Balawe da shugaban majami'a. Na lura cewa ruɗanin kusan duk daga wuri ɗaya yake tasowa. Mukan ɗauki masallaci da limaminsa, ko coci da fastonsa, mu ce da su za mu auna Yahudawan dauri, alhali tsarinsu daban ne. Inda kuka ga K.M., ana nufin kafin Miladiyya.

Haikali da majami'a, ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wanda ya riƙe wannan bambanci sauran bayanin zai zo masa da sauƙi. Haikali gida ne na hadaya. A birnin Ƙudus yake, wato Urushalima, kuma bisa dokar Attaura a nan kaɗai ake yanka dabba a ƙona ta a kan bagade domin Allah. Masu aikinsa firistoci ne, su kuwa gadon muƙamin suke yi. Majami'a ɗakin taro ne na karatu da addu'a. Kowane gari da ke da Yahudawa yana iya gina tasa, babu bagade a cikinta, babu yanka, kuma jagorancinta ba sai ɗan gado ba.

Musulmi zai fi saurin ganewa idan ya tuna cewa Ka'aba ɗaya ce, masallatai kuwa ba sa ƙirguwa, ko da yake misalin bai dace ta kowace fuska ba. Sunan ma sananne ne a kunnenmu: abin da Yahudawa ke kira Bet ha-Mikdash, gidan tsarki, shi ne Baitul Maƙdis a Larabce. Ita kuma kalmar haikali tsohuwa ce ƙwarai, asalinta daga harshen Sumeriyawan Iraƙi, inda take nufin babban gida.

Kafin a gina Haikali, a ina Bani Isra'ila suke ibada?

A cikin alfarwa. Attaura ta ce Annabi Musa ya kafa ta a jeji, a tsakiyar farfajiya mai tsawon kamu 100 da faɗin kamu 50, ana kwance ta a ɗauka duk lokacin da jama'a suka tashi. Sunanta da Ibrananci Mishkan, mazauni, tushenta ɗaya da sakina ta Larabci. A can ƙuryarta ake ajiye Akwatin Alkawari, wanda Alƙur'ani ya ambata da sunan Tabut a Suratul Baƙara, cikin labarin Ɗalutu. Da suka zauna a ƙasar Kan'ana, alfarwar ta daɗe a garin Shilo, sai daga baya Annabi Dawuda ya kawo Akwatin Ƙudus.

A wancan zamani mutane suna yin hadaya a wurare da dama a kan tuddai, waɗanda ake kira bamot. Sarki Hezekiya ya yi ƙoƙarin rufe su, Sarki Yosiya kuma ya rushe su wajen 622 K.M., ya tattara hadaya duka a Ƙudus.

Wa ya gina Haikalin, kuma sau nawa aka rushe shi?

Sau biyu aka gina, sau biyu aka rushe. Na farko Annabi Sulaiman ne ya gina a ƙarni na 10 K.M. Littafin Sarakuna ya ce shekara bakwai aka yi ana aikin, da itacen al'ul daga Lebanon da Hiram sarkin Taya ya aiko. Ginin kansa bai da girma: kamu 60 a tsawo, 20 a faɗi, 30 a tsayi, wato wajen mita 27 da mita 9. Dalili kuwa shi ne jama'a ba sa shiga ciki, a farfajiya suke tsayawa. Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtunassar, ya ƙone shi a 586 K.M., ya kwashe Yahudawa da yawa zuwa Babila.

Bayan Sairus na Farisa ya ba su izinin komawa gida a 538 K.M., sai Zarubabel da Babban Firist Yoshuwa suka jagoranci sake ginin, aka kammala wajen 516 K.M. Wannan na biyun ya sha wuya. Sarki Antiyokus na huɗu, Bagirke mai mulkin Siriya, ya ƙazantar da shi da bautar gumaka a 167 K.M., Yahuza Makabi ya ƙwato shi ya tsarkake a 164 K.M., kuma tunawa da wannan ne ake bikin Hanuka. Sarki Hirudus ya fara faɗaɗa shi wajen 20 K.M., ya cike gefen dutsen har filin ya kai kusan hekta 14. Ba a gama aikin ba sai wajen shekara ta 63 Miladiyya. Shekara bakwai kacal bayan haka, a 70, rundunar Rumawa ƙarƙashin Titus ta ƙone shi. Bangon Yamma da Yahudawa ke addu'a a gabansa yau yana cikin katangar da ta tokare filin Hirudus, ba bangon ɗakin Haikalin ba ne.

Kowa yana iya shiga ko'ina a cikinsa?

Sam. Tsarin kamar na fadar sarki ne mai zaure bayan zaure, inda kowane mutum ke da ƙofar da zai tsaya. A Haikalin Hirudus, babban filin waje na kowa ne, har wanda ba Bayahude ba. A nan masu canjin kuɗi suke zama, domin harajin rabin shekel da kowane namiji baligi ke biya duk shekara da azurfar Taya ake karɓarsa. Daga nan sai wani gajeren shinge da aka kafa wa alluna da Girkanci da Latinanci, masu gargaɗin cewa baƙon da ya ƙetare alhakin mutuwarsa yana wuyansa. An tono ɗaya daga cikin allunan cikakke a 1871, yana gidan tarihi na Istanbul yanzu. Zargin ƙetarar da wani Bagirke wannan shinge ne ya sa aka kusa kashe Bulus, mai wa'azin Kiristanci, kamar yadda Ayyukan Manzanni ya kawo.

Bayan shingen sai farfajiyar mata, wadda maza ma suke shiga, amma ita ce iyakar mata. Sai ta mazan Isra'ila, sai ta firistoci inda bagade yake. Cikin ɗakin akwai Wuri Mai Tsarki, da alkukin zinariya mai rassa bakwai, da teburin gurasa, da bagaden turare. Hoton wannan alkuki yana nan sassaƙe a ƙofar nasarar Titus a birnin Rum, sojoji na ɗauke da shi ganima. Bayan labule kuma sai Wuri Mafi Tsarki.

Me ke cikin Wuri Mafi Tsarki? Gaskiya ne ana ɗaure wa mai shiga igiya a ƙafa?

A Haikalin farko Akwatin Alkawari ne a ciki. A na biyu babu komai, sai wani dutse da Mishna, littafin dokoki na malaman Yahudawa, ta ce ya ɗaga daga ƙasa da kimanin yatsa uku. Lokacin da Fomfe, janar ɗin Rumawa, ya kutsa kai ciki a 63 K.M., ɗaki ya tarar wayam, abin da ya ɗaure wa Rumawa kai tunda su ba su san ɗakin ibada marar gunki ba.

Mutum ɗaya ke shiga, Babban Firist, a rana ɗaya cikin shekara, Ranar Kafara. Kwana bakwai kafin ranar ake keɓe shi daga gidansa, daren jajibere kuma ba a barinsa ya yi barci. Yakan tuɓe tufafinsa na zinariya ya sa farin lilin zalla, ya shiga da turare da jinin hadaya. A ranar ce ake jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu, a yanka ɗaya, a kora ɗaya jeji ɗauke da zunuban jama'a. Maganar igiya kuwa, wai don a jawo gawarsa in ya mutu a ciki, babu ita a Attaura, babu a Mishna, babu a Talmud, wato babban sharhin Mishna. Sai a littafin Zohar na ƙarni na 13 ta bayyana, fiye da shekara dubu bayan rushe Haikalin. Masu wa'azi suna yawan kawo ta, ni dai ina ganin gara a bar ta.

Firist shi ne limami? Na ji an ce kalmar tana da alaƙa da kahin, wato boka.

Da Ibrananci kohen ake cewa, kuma gaskiya ne tushensu ɗaya da kahin ta Larabci. Amma ma'anar ta rabu tun da daɗewa. Wurin Larabawan jahiliyya kahin mai duba ne. Wurin Bani Isra'ila kohen ma'aikacin bagade ne, Attaura kuma ta haramta duba da bokanci. Kiransa boka kuskure ne babba.

Limami ma bai yi daidai da shi ba, domin limanci da ilimi da yardar jama'a ake samunsa, firistanci kuwa da haihuwa. Sai namijin da ya fito daga tsatson Annabi Haruna ta wajen uba. Komai ilimin mutum da tsoron Allahnsa, in ba ɗan gidan ba ne ba zai taɓa bagade ba. Ɗan gidan ma akwai sharuɗɗa a kansa: mai naƙasa a jiki ba ya miƙa hadaya, ko da yake yana cin rabonsa, firist ba ya auren sakakkiya, ba ya kusantar gawa sai ta danginsa na kusa. Ba su da gonar gado, abincinsu daga rabon hadaya da nunan fari yake fitowa.

Da suka yi yawa aka kasa su kashi 24, kowane kashi ya zo Ƙudus ya yi mako guda, wajen sau biyu a shekara, ban da lokutan manyan idi da kowa ke hallara. Sauran kwanaki suna garuruwansu. Kullum safe da yamma ana yanka ɗan rago ɗaya, kuma da ƙuri'a ake raba ayyukan ranar. Ƙona turare shi ne aikin da kowa ke buri, har Mishna ta ce wanda ya taɓa yi ba ya sake shiga ƙuri'arsa. Linjilar Luka ta ce Zakariyya, na kashin Abiya, yana cikin wannan aiki ne aka yi masa albishir da Yahaya. Mai karatun Suratu Ali Imrana zai tuna cewa yana tsaye yana salla a mihrabi mala'iku suka kira shi.

To su wane ne Lawiyawa?

Sauran 'yan ƙabilar Lawi ne waɗanda ba zuriyar Haruna ba. Kowane firist Balawe ne, amma ba kowane Balawe ne firist ba. Su ne masu rera Zabura da kayan kiɗa lokacin hadaya, su ne masu tsaron ƙofofi. Ushirin amfanin gona nasu ne, su kuma su fitar da ushirin abin da suka karɓa su ba firistoci. Da alama muƙamin bai da farin jini sosai, domin lissafin waɗanda suka dawo daga Babila a Littafin Ezra ya nuna firistoci 4,289, Lawiyawa kuwa 74, ban da mawaƙa da masu tsaron ƙofa da aka ƙirga daban.

Yaya ake zama Babban Firist?

A ƙa'ida gado ne daga uba zuwa ɗa, kuma sai mutuwa ke raba mutum da shi. Ɗaruruwan shekaru yana hannun gidan Zadok, firist na zamanin Dawuda da Sulaiman. Tufafinsa guda takwas ne, ciki har da ƙyallen ƙirji mai duwatsu 12 da sunayen ƙabilu, da allon zinariya a goshin rawaninsa. Bayan dawowa daga Babila, da yake babu sarki, sai ya zama shi ne shugaban al'umma a idon Farisawa da Girkawa. Daga nan kujerar ta zama abin kwaɗayi.

Wajen 175 K.M. Yason ya saye ta da kuɗi daga hannun Antiyokus, ya ture ɗan'uwansa Oniyas. Bayan shekara uku Menelawus ya ƙara farashi ya ture Yason. A 152 K.M. ta koma gidan Makabiyawa. Hirudus, wanda ba shi da jinin firistoci, ya mayar da ita abin naɗawa da tuɓewa, har ya sa aka nutsar da ƙanin matarsa Aristobulus, saurayi Babban Firist, a wani tafkin wanka a Yariko a 35 K.M., don ya ga jama'a na sonsa. Yosifus, masanin tarihin da shi kansa firist ne, ya ƙirga Manyan Firistoci 28 daga zamanin Hirudus zuwa rushewar Haikali. Rumawa har kulle tufafin suke yi a sansaninsu na Antoniya, sai idi ya zo su fito da su.

Gidaje kaɗan ne suka riƙa juya muƙamin a tsakaninsu. Hanana ya riƙe daga shekara ta 6 zuwa 15 Miladiyya, 'ya'yansa biyar suka hau bayansa, da surukinsa Kayafa wanda ya yi daga 18 zuwa 36. Talmud ta adana kukan talakawa a kan irin waɗannan gidaje: su ne Manyan Firistoci, 'ya'yansu ne ma'aji, surukansu ne masu kula da Haikali, barorinsu kuma na dukan mutane da sanduna. Duk lokacin da na karanta wannan wuri yakan taɓa ni, domin masu kukan ba maƙiyan addinin ba ne, masu ƙaunar Haikalin ne. Na ƙarshe a jerin, Finehas ɗan Sama'ila, mutumin ƙauye ne da 'yan tawaye suka zaɓa da ƙuri'a.

Tsakanin sarki, annabi da firist, wa ke gaba?

Kowa da hurumin da aka yanka masa. Kafin sarauta akwai shofetim, mahukunta, jarumawan da ke tasowa lokacin yaƙi kuma su yi shari'a. Sarki na farko shi ne Saul, Ɗalutu ke nan. Sarki yana iya gina Haikali ya ciyar da shi, amma Littafin Tarihi ya ce da Sarki Azariya, wanda aka fi sani da Uzziya, ya shiga ƙona turare da kansa, firistoci suka tare shi, kuturta ta fito masa a goshi. Annabi, nabi da Ibrananci, ba ya gado kuma ba mai naɗa shi. Irmiya ɗan gidan firistoci ne, amma ya tsaya a ƙofar Haikali ya gargaɗi mutane kada su dogara da ginin alhali suna zaluntar maraya da gwauruwa.

Sarki da Babban Firist duka ana zuba musu mai a ka ranar naɗi. Wanda aka shafa wa man shi ne mashiyah, kalmar da ta zama Masih a Larabci, Almasihu a Hausa. Da fari laƙabin mai muƙami ne, har Littafin Ishaya ya kira Sairus na Farisa da shi. Da Makabiyawa suka haɗa sarauta da firistanci a hannu ɗaya mutane da yawa ba su ji daɗi ba. An taɓa jifar ɗaya daga cikinsu, Sarki Iskandar Yannayus, da lemon idi yana tsaye a bagade.

Da gaske babu wani haikalin Yahudawa sai na Ƙudus?

A doka haka ne, a aikace kuwa an samu wasu, biyu ma a nan Afirka. A tsibirin Elefantin da ke Kogin Nilu kusa da Aswan, sojojin haya Yahudawa suna da haikalinsu tun kafin Farisawa su ci Masar a 525 K.M. Firistocin gunkin Khnum suka sa aka rushe shi a 410 K.M. Wasiƙar da suka rubuta wa gwamnan Yahudiya a 407 K.M. suna neman izinin sake gini tana nan har yau, kuma a ciki sun koka cewa sun rubuta wa Babban Firist na Ƙudus bai ba su amsa ba. Na biyu a Liyontofolis yake, a arewacin Masar. Wani Oniyas daga gidan da aka ƙwace wa muƙami, kamar yadda aka faɗa a amsar Babban Firist, shi ya gina shi a ƙarni na 2 K.M., Rumawa suka rufe shi wajen 73 Miladiyya. Samariyawa ma, masu bin Attaura da suka rabu da Yahudawa, suna da nasu a Dutsen Gerizim, Yohanna Hirkanus na gidan Makabiyawa ya rushe shi a ƙarshen ƙarni na 2 K.M.

Yaushe majami'a ta samo asali?

An daɗe ana cewa a zaman bauta na Babila ta fara, lokacin da babu Haikali. Maganar tana da ma'ana, amma shaidar da ta fi tsufa daga Masar ta fito: rubuce-rubucen dutse na zamanin Batlamiyus na uku, sarkin Masar, wanda ya yi mulki daga 246 zuwa 221 K.M., suna ambaton proseuke, wato ɗakin addu'a. Kalmar sunagoge ta Girkanci taro take nufi, haka ma bet keneset ta Ibrananci, gidan taro, 'yar'uwar kanisa ta Larabci. Fassarar Hausa, majami'a, ta faɗa daidai.

Abin lura shi ne majami'u sun wanzu tun Haikali na tsaye. An tono na ƙarni na 1 a Gamla, Masada, Herodiyum, da Magdala wadda aka gano a 2009. Ɗakuna ne masu dakali a jikin bango ta kowane gefe, mutane na fuskantar juna. A Ƙudus kanta, a 1913, an tono wani allo da ke cewa Tiyodotus ɗan Betenus, firist kuma shugaban majami'a, ɗan shugaban majami'a, jikan shugaban majami'a, ya gina wurin domin karatun Attaura da koyar da dokoki, tare da masauki da wurin ruwa domin baƙi daga nesa. Makaranta ce, masauki ne, wurin shari'a da tara sadaka ne.

Wa ke shugabantar majami'a?

Mai laƙabin rosh ha-keneset, da Girkanci arkisunagogos. Yayirus na Linjila da Kirisbus na Koranti wannan muƙami suke riƙe da shi. Yawanci mai hali ne a gari, wanda ke kula da ginin, ya zaɓi mai karatu da mai jawabi. Ba lallai ya zama malami ba. Laƙabin yakan zama na girmamawa da gado, har an ga kabarin yaro ɗan shekara uku a Benosa ta Italiya da aka rubuta masa shi. Akwai kuma dattawa, da arkon, wato mai mulki, da magatakarda, da waɗanda ake kira uban majami'a ko uwar majami'a.

Mai aikin yau da kullum shi ne hazzan. Shi ke fito da naɗaɗɗen littafi ya mayar, ya busa ƙaho a sanar da shigowar Asabar, wani lokaci ya koyar da yara. An ruwaito cewa babbar majami'ar Iskandariyya ta yi girman da sai hazzan ya kaɗa ƙyalle kafin na baya su san lokacin cewa amin. Sai meturgeman, tafinta. Da yake talakawa sun koma jin Aramiyanci, mai karatu yakan ja aya ɗaya ta Attaura da Ibrananci ya dakata, tafinta ya fassara da ka, ba ya duba takarda. Duk wanda ya zauna a tafsirin azumi, mai jan baƙi na ja malam na fassarawa, ya san yadda zaman yake.

Mata sun riƙe wani muƙami?

A firistanci babu. A wasu fagagen akwai. Debora ta yi hukunci kuma an kira ta annabiya, haka Hulda wadda Sarki Yosiya ya aika a tambaya. Salome Iskandara ta yi sarauta daga 76 zuwa 67 K.M., sai dai ɗanta ta naɗa Babban Firist tunda ita ba ta da hurumi. A majami'u, wani rubutun kabari daga Izmir ta Turkiyya ya kira wata Rufina shugabar majami'a, wani daga tsibirin Kirit ya kira wata Sofiya dattijuwa kuma shugabar majami'a. An daɗe ana cewa laƙabin mazajensu ne suka ara, har Bernadette Brooten ta nuna a bincikenta na 1982 cewa rubuce-rubucen ba su goyi bayan wannan zato ba. Na Rufina ko ambaton miji bai yi ba.

Me ya sa suke kiran malaminsu Rabbi? Ba sunan Ubangiji ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar wa Bahaushe hankali, don mu "Ya Rabbi" Allah kaɗai muke faɗa wa. Tushen kalmar ɗaya ne a harsunan biyu, yana nufin babba ko mai abu. Larabci ma yana cewa rabbul baiti, maigida, kuma a Suratu Yusuf an yi amfani da rabb a kan sarkin da fursunan nan zai koma yi wa hidima. A Ibrananci rab shi ne babba, rabbi kuma "babbana", kamar almajiri ya ce "malam" ko bara ya ce "maigida". Ba sa kiran Allah da ita a wannan siga.

Da fari kalmar ladabi ce kawai. Manyan malamai irin su Hillel da Shammai, na zamanin Hirudus, ba a saka musu ita a gaban suna. Bayan shekara ta 70 ta zama laƙabin wanda malaminsa ya ba shi izini, abin da suke kira semika, mai kama da ijaza. Rabban na shugaban malamai ne, Rab kuma na malaman Babila. Da yawansu da sana'arsu suke ci, akwai ma wanda aka sani da Yohanan baduku. Kuma a ƙarnonin farko ba su ne ke tafiyar da majami'u ba, wannan aikin shugaban majami'a da dattawa ne.

Su wane ne ahbar da rabbaniyyun da Alƙur'ani ya ambata?

Malaman Yahudawa ne masana Attaura. Suratul Ma'ida, aya ta 44, ta ambace su tare a matsayin masu hukunci da ita. Rabbaniyyun tana da dangantaka da rabban da rabbi. Ahbar jam'in habr ce, masana harshe da dama kuma suna danganta ta da haber ta Ibrananci, aboki, laƙabin da malamai ke kiran junansu da shi. Daga nan sunan Ka'abul Ahbar ya fito. A zamanin saukar Alƙur'ani Haikali ya fi shekara 500 da rushewa, shi ya sa malamai ake ambata, ba firistoci ba.

Mece ce Sanhedrin?

Majalisar ƙoli ce ta shari'a, sunan daga Girkanci, ma'anarsa zama tare. Mishna ta ce mutum 71 ne, kwaikwayon dattawa 70 na Annabi Musa da shi kansa, kuma a wani ɗaki na sassaƙaƙƙun duwatsu a harabar Haikali suke zama. Ƙananan kotuna masu alƙalai 23 ke duba shari'ar kisa, masu uku kuma shari'ar dukiya. Majiyoyin sun saɓa a kan shugabanta. Linjila da Yosifus sun nuna Babban Firist ne ke jagoranta, da Sadukiyawa da Farisiyawa, ƙungiyoyin addini biyu na Yahudawa, a ciki. Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, ta nuna malamai biyu ne, nasi, wato shugaba, da mataimakinsa ab bet din. Masana tarihi da yawa sun fi karkata ga na farkon idan ana maganar zamanin Haikali.

Da aka rushe Haikali, wa ya karɓi ragamar?

Malamai, amma sannu a hankali. Ruwaya ta ce almajiran Yohanan ɗan Zakkai sun fitar da shi daga Ƙudus cikin makara lokacin da Rumawa suka kewaye birnin, ya je Yabne ya kafa makaranta. Aka ɗora lokutan addu'a a kan lokutan hadayar safe da yamma, aka fara kiran majami'a ƙaramin wuri mai tsarki, ana fuskantar Ƙudus daga cikinta. Wata magana a Mishna ta nuna yadda ma'auni ya juya: firist yana gaba da Balawe, Balawe yana gaba da sauran Isra'ila, amma shege in malami ne yana gaba da Babban Firist jahili. A al'ummar da ta yi shekara dubu tana bin jini, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shugaban Yahudawan Falasɗinu ya zama nasi. Bar Kokba, jagoran tawayen 132 zuwa 135, ya buga wannan laƙabi a kuɗinsa, daga baya ya tabbata a gidan Gamaliyal. Mafi shahara shi ne Yahuza ha-Nasi, mai tattara Mishna. Rumawa sun amince da muƙamin, yana aika wakilai su karɓo kuɗi daga majami'un ƙasashe, har ya ƙare wajen 425. A Babila kuma akwai Resh Galuta, shugaban masu zaman baƙunci, mai da'awar jinin Dawuda. Larabawa suna kiransa Ra'sul Jalut, kuma ya ci gaba da zama a fadar halifofin Abbasiyawa.

Yanzu akwai sauran firistoci?

Akwai, sai dai babu bagade. Masu sunan Cohen, Kahn ko Katz galibi zuriyar firistoci suke da'awa, masu Levi kuma Lawiyawa. Abin da ya rage musu kaɗan ne: firist ake fara kira ya yi karatun Attaura, Balawe na biye, firistoci ke ɗaga hannu su sa wa jama'a albarka bayan Lawiyawa sun zuba musu ruwa, su ake ba azurfa biyar na fansar ɗan fari, masu riƙon addini a cikinsu har yau ba sa shiga maƙabarta sai don dangi na kusa.

Yahudawan Habasha, Beta Isra'el, sun bi wata hanya. Shugabanninsu kes ake kiransu, ɗakin ibadarsu kuma masgid. Samariyawa kuwa, waɗanda yawansu bai kai dubu ba, suna da Babban Firist har gobe, kuma duk shekara a Idin Ƙetarewa suna yanka raguna a kan Dutsen Gerizim, kusa da Nablus, su gasa su cikin ramuka su cinye a daren.